Yadda Ake Rubuta Tarihin Uwa Mai Yawan Rai, Matar Soja 'Yar Katolika

Duk lokacin da aka yi jana'izar wata tsohuwar matar soja a cocin Katolika, a Kaduna ne ko Jos ko Makurɗi, akan raba wa jama'a ɗan littafin tsarin jana'iza, kuma a shafi na biyu ko na uku akan tarar da abin da aka kira tarihin marigayiya. Na karanta irinsu da dama, abin da kuwa yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan dukkansu kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su. An haife ta a ƙauye kaza, ta auri soja wane, sai a jera muƙaman mijin tun yana kurtu har ya kai samanja, a rufe da cewa mace ce mai haƙuri da tsoron Allah wadda ta bar 'ya'ya da jikoki. Shekara tamanin ko casa'in na rayuwar mace sai su ƙare a layi goma, rabin layukan ma labarin mijinta ne. Hakan na faruwa ne saboda an jira sai da ta rasu, sannan aka ɗora wa wani jika aikin cikin kwana biyu, mai buga littafi yana ta kiran waya. Wannan bayani na waɗanda uwarsu ko kakarsu take da rai ne har yanzu, kuma daga aikin da na yi wa mahaifiyata, matar saje, na koyi abin da zan faɗa.

Ku fara da neman yardarta, kuma ku shirya wa amsar da za ta ba ku, domin da wuya ta amsa a karon farko. Tawa uwar cewa ta yi: "Ni me na yi da za a rubuta? Ku je ku rubuta na babanku, shi ne ya je yaƙi." Kada ku ambaci jana'iza ko kusa, domin tsohuwa tana da saurin ganewa, kuma babu mai son ya ji ana yi masa shirin kabari yana zaune. Ku ɗaura aikin a kan wani abin murna, kamar Misa (babbar ibadar cocin Katolika) ta godiya don cikarta shekara tamanin, ko ku ce mata jikokin da aka haifa a birni ba su san inda suka fito ba. Sannan ku zaɓi wanda zai zauna da ita da lura. A gidaje da yawa uwa tana jin nauyin ɗanta na fari, ba za ta buɗe masa bakinta a kan aure da wahalar haihuwa ba, amma jika, wanda wasa ke tsakaninsa da kaka, yana iya tambayar abin da babu ɗan da zai iya, ita kuma ta amsa tana dariya.

Kayan aikin ba su da yawa. Wayar hannu mai ɗaukar murya ta isa, a ajiye ta a kan zane kusa da ita, a kashe rediyo da talabijin, a sallami 'yan kallo. Kafin a fara, mai tambaya ya faɗi kwanan wata da wurin da ake da bakinsa don ya shiga cikin faifan. Hantsi ya fi kowane lokaci, bayan ta yi addu'ar safe ta karya, kuma zama ɗaya kada ya kai awa guda. Gara a zauna sau goma a cikin wata biyu da a gajiyar da ita rana ɗaya. Ku bar ta ta yi magana da harshen da ya zo bakinta. Matan bariki na wancan zamani sukan haɗa harshen gida, ko Angas ne ko Bajju ko Tibi ko Idoma ko Bachama, da Hausar bariki da ɗan Turancin buroka, kuma sau da yawa labarin ƙuruciya da harshen gida yake fitowa, na bariki kuma da Hausa. Idan mai tambaya bai iya harshen gidan ba, a nemo wanda ya iya ya zauna a gefe.

Tambayar da ba ta haifar da komai ita ce: "Mama, ba mu tarihinki." Za ta ba ku jimla uku ta yi shiru. Abin da yake kwance bakin tsohuwa shi ne kayanta. Kusan kowace matar soja tana da akwatin ƙarfe da ya bi ta daga bariki zuwa bariki, sau da yawa da lambar mijin a rubuce a jikinsa da farin fenti. Ku roƙe ta ta buɗe shi, ku riƙa ɗauko abu ɗaya-ɗaya kuna tambayar daga ina ya zo. A akwatin mahaifiyata mun sami tsoffin zannuwan anko na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, har kala biyar, da katin asibiti na awon ciki, da carbin rosari wanda ƙwayoyinsa suka sha hannu har suka yi santsi, an ɗaure wurin da ya tsinke da baƙin zare, da wani hoto na ɗakin hoto inda take zaune da jariri a cinya, mahaifinmu yana tsaye a bayanta cikin kaki. Wannan hoton kaɗai ya ci mana zama biyu, domin daga shi ne ta faɗi wanda ya ara mata sarƙar da ke wuyanta, da kuɗin da aka biya mai hoto da sulalla, da kuma cewa kwana uku bayan ɗaukarsa aka kwashe bataliyarsu. Duk hoton da ta yi bayaninsa, ku rubuta sunayen mutanen da ke ciki a bayansa da fensir nan take.

Daga nan sai batun shekaru, wanda shi ne mafi wuya. Mafi yawan matan da aka haifa a ƙauyukan Arewa kafin 'yancin kai ba su da takardar haihuwa, ranar da ke kan katin ɗan ƙasa ko takardar rantsuwar kotu kuwa yawanci ƙiyasi ce da wani magatakarda ya yi, shi ya sa za ku ga tsofaffi da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu. Hanyar da ta fi inganci ita ce a auna rayuwarta da abubuwan da kowa ya san shekararsu. Ku tambaye ta ko ta tuna husufin rana na 1947, kuma a lokacin ta isa aike ko ana goyonta. Ku tambayi inda take lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956, da ko ta riga ta yi aure ranar samun 'yancin kai a 1960. Ku tambayi wane ɗa take goyo a lokacin Araba ta 1966, wanne take shayarwa da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, wanne aka sa a makaranta da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a farkon 1973, kuma a wane bariki labarin kisan Janar Murtala ya same su a watan Fabrairun 1976. Uwa tana iya manta shekara, amma da wuya ta manta yaron da ke bayanta ranar da wani babban abu ya faru. Ku ja dogon layi a babbar takarda, ku jera waɗannan shekaru a sama, ku riƙa cusa abin da ta faɗa a ƙarƙashinsu, kuma inda ba ku da tabbas ku rubuta "wajen shekara kaza" a cikin tarihin, kada ku ƙirƙiro rana da wata don ya yi kyau a ido.

Iyalin Katolika suna da wata gata a nan da ya kamata su yi amfani da ita, wato rajistar coci. Kowace faris, wato majami'ar yanki mai limaminta na dindindin, tana ajiye littafin baftisma, kuma ƙa'idar Ikilisiya ita ce idan mutum ya karɓi tabbatarwa (shafewar da ake yi bayan baftisma) ko ya yi aure a coci, akan koma a rubuta hakan a gefen sunansa a farisar da aka yi masa baftisma. Ku nemi katin baftismarta. Idan ya ɓace, ku je ofishin faris da sunanta na baftisma da sunan mahaifinta da kimanin shekarar. Sai dai ku lura da abu biyu. Majami'ar ƙauyenku da ta zama faris yau, mai yiwuwa a zamanin ƙuruciyarta ƙaramar majami'a ce da Fada yake ziyarta lokaci-lokaci a kan keke ko babur, don haka littafin yana can tsohuwar tashar mishan, irin su Shendam, inda limaman ƙungiyar mishan ta SMA suka sauka tun 1907, ko Pankshin ko Kafanchan. Na biyu, da yawa daga cikin iyayenmu sun yi baftisma ne suna 'yan mata ko ma bayan aure, bayan sun yi shekaru suna koyon katikizim, wato darussan addini, saboda haka ranar baftisma ba ta nuna ranar haihuwa, kuma limamin da ya rubuta, sau da yawa ɗan ƙasar Ayalan, yakan rubuta sunan gida yadda kunnensa ya ji. Ku gwada rubutun sunan ta hanya biyu ko uku kafin ku ce babu shi.

Takardun mijin ma suna da amfani, musamman takardar sallama daga aiki da takardun fansho da lambobin yabo, amma ku ɗauke su a matsayin tsani kawai, wanda za a taka a kai ga labarinta. Za su nuna muku shekarar da ya shiga soja a Depot na Zariya, da rundunonin da ya zauna, da ko ya je Kwango tsakanin 1960 da 1964, ko Lebanon daga 1978, ko Chadi a farkon shekarun 1980, ko Laberiya tare da dakarun ECOMOG daga 1990. A kan kowace tafiya, tambayar da za ku yi mata ita ce: ke kina ina, da yara nawa, wa ya ciyar da ku? Akwai kuma wata taswira da ta fi takardun soja faɗin gaskiya, wato wuraren da aka haifi 'ya'yanta. Idan an haifi ɗaya a Zariya, ɗaya a Enugu, ɗaya a Ibadan, ɗaya a barikin Rukuba na Jos, auta kuma a barikin Bukavu na Kano (wanda ya samo sunansa daga wani gari a Kwango), to kun riga kun sami jerin ƙaurarta. Katunan baftismar yaran za su tabbatar da shekarun, domin rundunar sojan ƙasa tana da sashen limamanta na Katolika da majami'u a cikin barikoki. Ku tambayi yadda ake tafiyar kanta: a jirgin ƙasa ta mahaɗar Kaduna ko Kafanchan, ko a bayan motar soja a kan tulin kaya, da abin da aka sayar ko aka bar wa maƙwabta saboda ba zai ɗauku ba, da gonar da aka shuka a bayan bariki aka tafi kafin ta nuna.

Ku daɗe a kan zaman bariki, domin nan ne mafi yawan shekarun ƙarfinta suka tafi, kuma nan ne littattafan jana'iza suke tsallakewa gaba ɗaya. Bariki gari ne mai dokokinsa. Igiyar da ke hannun miji ita ce take yanke girman ɗakin da za a ba iyali da layin da za su zauna, matan hafsoshi suna da ƙungiyarsu ta NAOWA, matan ƙananan sojoji kuma suna da NASWA, sannan akwai magajiya, shugabar matan bariki, wadda take tsara shara, take raba faɗan famfo, take kai kukan mata gaban manya. Ku tambaye ta ko ta taɓa riƙe wannan matsayi, ko wace magajiya ce ta fi tsoro. Sannan ku tambayi sana'arta dalla-dalla, domin albashin kofur bai taɓa isar gida mai yara bakwai da ƙannen miji ba. Kasuwar mami da ake gani a kowane bariki a Najeriya ma, ana danganta sunanta ne da matar soja, Maria Ochefu, da ake kira Mammy, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Enugu a 1959, tun mijinta Anthony Ochefu yana ƙaramin soja, kafin ya zama gwamnan soja na Jihar Gabas ta Tsakiya a 1975. Uwarku wataƙila ƙosai ta soya, ko ɗinki ta yi da keken Singer, ko sarin hatsi, ko kuma burkutu ta dafa. Idan burkutun ne ya biya kuɗin makarantar likitan gidan da lauyan gidan, ni a ganina rashin adalci ne a goge shi daga tarihi don 'ya'ya sun zama manya suna jin kunya. Ku tambayi adashen da ta shiga, da abin da ta saya da kwasar farko.

Yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, yana buƙatar zama na musamman da taka-tsantsan. A wannan lokaci rundunar soja ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, abin da ya sa ɗakunan bariki suka kasa, iyalai da yawa suka zauna a bacocin kwano ko gidajen haya a cikin gari, wasu matan kuma aka mayar da su ƙauye wurin surukai. Kada ku tambaye ta labarin fagen daga, wannan ba nata ba ne. Ku tambayi yadda labari yake iso musu, wa yake karanta mata wasiƙa idan ta zo, yadda take karɓar kason albashin da aka ware wa iyali, da abin da mata suke yi idan an ga an nufo ƙofar wata da saƙon mutuwa. Mahaifiyata ta ce a layinsu, idan dare ya yi, matan Katolika sukan taru a ɗaki ɗaya su ja rosari da fitilar ƙwai ɗaya don tattalin kananzir, kowace ta ambaci sunan mijinta kafin a fara, kuma akwai ranar da suka ci gaba da ambaton sunan wani, alhali duk sun riga sun ji, matarsa ce kaɗai ba a gaya wa ba. Da ta kai nan sai ta yi shiru, ni ma ban ce komai ba, na bar wayar tana ɗauka. Idan haka ta faru gare ku, kada ku yi gaggawar cike shirun da wata tambaya, kuma idan ta ce a bari sai wani lokaci, ku bari.

Bangaskiyarta kuwa, kalmar "mai ibada" ba ta isa ta ɗauke ta ba. Ayyukan za ku rubuta, mai karatu ya gani da idonsa. Wa ya koya mata "A gaishe ki Maryamu", kuma da wane harshe? Ta tuna lokacin da Fada yake yin Misa da Latin yana bai wa jama'a baya, da yadda ta ji da aka fara yi da Hausa bayan babban taron Batikan na biyu da aka kammala a 1965? Tana cikin taron da ya tarbi Fafaroma John Paul na Biyu a Kaduna a watan Fabrairun 1982, ranar da ya naɗa sababbin limamai? Wace ƙungiya ta riƙe, Zumuntar Mata ko Legion of Mary ko ta Zuciya Mai Tsarki, kuma a Zumunta mece ce aikinta, bugun tulu ko ba da waƙa ko riƙe kuɗi ko zama uwar zumunta? Yara nawa ta tsaya wa a baftisma, gawa nawa ta yi wa wanka, marasa lafiya nawa ta kwana da su a asibitin bariki? Ku tambayi yadda take tafiyar da watan Mayu da na Oktoba, da Larabar Toka, da Hanyar Gicciye ta ranakun Juma'a a lokacin azumi. Akwai kuma tambaya guda da sau da yawa take fito da babban labari: yaushe aka ɗaura aurenta a coci? Mata da yawa sun yi auren gargajiya ne da fari, suka shafe shekaru suna zuwa Misa ba sa karɓar Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da ake tsarkakewa a Misa, suna lallashin miji soja har ya yarda a gyara auren a gaban Fada. Ga mace irin wannan, ranar da ta koma layin karɓar Jibi tana iya fin ranar bikinta girma.

Bayan kun gama da ita, ku nemi shaidu. Ƙanwarta ko ƙawarta ta ƙuruciya, tsohon katikis (malamin da ke koyar da addini a coci), matan Zumunta da suka yi zamani tare, yaran da ta riƙa waɗanda ba ita ta haifa ba, da maƙwabtanta na bariki, har da Musulmi, domin a layin soja ana haihuwa a hannun juna, tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti suna ƙetare ƙofa ba tare da an tambayi addini ba. Waɗannan mutane za su faɗi alherin da ita ba za ta taɓa faɗa da bakinta ba. Inda maganarsu ta saɓa da tata a kan shekara ko wuri, ku koma ga takarda; inda saɓanin na yadda abu ya faru ne, ku rubuta nata, tunda tarihinta ne.

Kada ku tsaya a ranar da mijin ya ajiye kaki, domin macen da ta kai casa'in tana iya yin shekara talatin ko arba'in bayan wannan rana. Ku rubuta fitarsu daga ɗakin bariki, da ginin gidan da aka yi ɗaki-ɗaki, da jinyar mijin, da takabarta, da jeka-ka-dawon neman haƙƙinsa. Na raka mahaifiyata wani ofishi har sau huɗu a kan takarda ɗaya, tana zaune a benci tun safe da carbinta a hannu, kuma na sa wannan a tarihinta ba tare da na ambaci sunan kowa ba.

Za ku ji abubuwan da ba ku zata ba: kishiyar da aka zo da ita daga bakin daga, ɗan da aka haifa a waje ita ta rene shi, shan giyar miji, ko dukan da ta sha ta rufe. Ƙa'idar da na bi ita ce, duk abin da ta faɗa yana nan a faifan murya, amma abin da zai hau takarda sai wanda ta amince, kuma a tambaye ta a keɓe. Idan abin ya shafi wani mai rai, musamman ɗan da bai san asalinsa ba, a bar shi a faifan a hannun babba ɗaya amintacce. Idan kuwa mantuwa ta fara kama ta, kada ku riƙa gyara mata magana kuna cewa ba haka ba ne. Ku zo lokacin addu'a, ku tayar da wata tsohuwar waƙar Zumunta, domin addu'a da waƙa sukan daɗe a kai bayan sunaye sun gudu, kuma sau da yawa labari yakan biyo bayan waƙar.

Wajen rubutawa, ku bi rayuwar daga farko zuwa yau, amma kada ku raba shafuka daidai wa daida. Inda labari ya yi kauri ku ba shi fili, shekarun da babu abin faɗa ku wuce su da jimla ɗaya. Ku fara da sunanta na gida wanda iyayenta suka raɗa mata, da ma'anarsa, kafin na baftisma da na miji. Ku bar maganganunta yadda ta faɗe su, da Hausarta ta bariki, kada ku wanke su su koma Hausar jarida. Duk inda kuka rubuta kalmar yabo, ku tambayi kanku wane aiki ne ya tabbatar da ita, ku rubuta aikin ku goge yabon. Ku yi dogo guda na iyali, ko da shafi ashirin ne, da gajere na shafi ɗaya da za a iya karantawa a taro, kuma idan akwai jikokin da ba sa jin Hausa a fassara musu. Wajen bugawa ku duba da kanku cewa haruffa masu ƙugiya sun fito daidai, ku ajiye faifan muryar a wuri uku a hannun mutum uku, ku kai wa ofishin faris kwafi ɗaya. Idan a coci za a karanta, ku fara shawartar Fada, domin a tsarin Katolika wa'azin Misa na bayanin Maganar Allah ne, tarihin mutum kuma akan ba shi lokacinsa dabam, ko bayan karɓar Jibi ko a wurin liyafa.

Mataki na ƙarshe kafin a kai wa mai bugawa shi ne a karanta mata duka da babbar murya, a hankali, a tsaya duk inda ta ɗaga hannu. Ni na yi gaggawa, na riga na biya kuɗin bugu kafin na zauna karanta mata. Ta saurara tana gyaɗa kai har na zo inda na rubuta cewa Allah ya albarkace ta da 'ya'ya bakwai, sai ta dafa hannuna ta ce: "Tara na haifa." Biyu sun rasu suna ƙanana, ɗaya ƙyanda ta ɗauke shi a lokacin yaƙi mahaifinmu ba ya nan, ɗayar kuma kwana tara kawai ta yi a duniya, katikis ne ya yi mata baftisma da dare. Babu wanda ya taɓa gaya mana sunayensu, ni kuma a duk zaman da muka yi ban tambaya ba, saboda na ɗauka na san adadinmu. Ta faɗi sunayen biyu ba tare da ta tsaya tunani ba, da barikin da aka binne kowanne. Washegari na koma wurin mai bugu na sa aka tsayar da aikin, aka sake shafin, aka jera mu tara bisa tsarin haihuwa, da ɗan gicciye a gaban suna na uku da na shida.